Sabuwar Haihuwa da Biyayya: Abin da Ya Faru a Gidan Zakka



Tambayar da wannan takarda ta ɗauko tsohuwa ce: idan mutum ya ce an sāke haihuwarsa, da me za a gane? A sura ta 3 ta Bisharar Yohanna, Nikodimu, Bafarisiye kuma ɗan majalisar Yahudawa, ya zo wurin Yesu da dare. Wajen kiyaye doka ba a raina shi, amma shi ne aka gaya wa sai an haife shi sabo kafin ya ga Mulkin Allah. Ke nan biyayya ba ta sayen sabuwar haihuwa. Bulus ma haka ya koyar a Afisawa sura ta 2, cewa ceto kyauta ce ta wurin bangaskiya. Sai dai da yawa cikinmu masu wa'azi a aya ta 9 muke tsayawa, mu tsallake ta 10, inda ya nuna cewa domin ayyuka nagari aka yi mu sabuwar halitta.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne Luka sura ta 19. Zakka shugaban masu karɓar haraji ne a Yariko, ya yi dukiya da gumin talakawa, garin kuma ya san shi sarai. A lura da yadda abubuwan suka biyo juna. Yesu bai gindaya masa sharaɗi a gindin bishiyar da ya hau don ya gan shi ba. Shi ya fara cewa zai sauka a gidansa, jama'a na ta gunaguni. Bayan an karɓe shi ne Zakka ya miƙe ya yi alkawarin ba matalauta rabin abin da ya mallaka, ya kuma mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Wannan ninki huɗun ba da ka ya faɗe shi ba. A Littafin Firistoci sura ta 6, wanda ya ci amana ya tuba yakan mayar da abin ne ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar. Ninki huɗu kuwa, a Fitowa sura ta 22, hukuncin ɓarawon tunkiya ne da ya yanka ko ya sayar. Wato Zakka da bakinsa ya sa kansa a sahun ɓarayi, ba wanda ya kai shi ƙara.

Tarihin ikkilisiya a Afirka ya ga irin wannan. Farkawar da ta taso a Gahini, ƙasar Ruwanda, a shekarun 1930, bayan haɗuwar likita Joe Church da Simeon Nsibambi a Kampala a 1929, ta bazu zuwa Yuganda, Kenya da Tanganyika. Mutanenta, da ake kira Balokole, an san su da furta zunubi a bainar jama'a da mayar da kayan da suka ci: kuɗi, fartanya, kayan ofis. Maƙwabcin da bai taɓa shiga coci ba ya ga tubansu da idonsa, domin kayansa sun dawo. Ba zan ɓoye ba, furcin nan a fili ya wuce gona da iri a wasu wurare, ya tona asirin waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, kuma zafin 'yan farkawar ya kai ga korar ɗalibai daga kwalejin tauhidi ta Mukono a 1941.

Mu a nan mun gaji wa'azin tuba mai ƙarfi, musamman tun da shirin bishara na Sabon Rai Don Kowa ya ratsa ƙauyukanmu daga shekarun 1960. Inda nake ganin mun yi tuya mun manta da albasa shi ne wajen awo. Bayan taron farkawa, hannuwan da aka ɗaga muke ƙirgawa. In kuma aka zo horo, laifuffukan da ke sa a dakatar da mutum daga cin jibi kusan kullum su ne dai: giya, cikin da aka yi kafin aure, ƙarin mace. Da wuya ka ji an zauna da mutum saboda ya buga wa gindin mudunsa guduma, ko ya riƙe gonar marayun ɗan'uwansa, ko ya danne kuɗin adashen mata, alhali yana jagorar waƙa ranar Lahadi. Wasiƙar Yakubu, wadda ta kira bangaskiya marar aiki matacciya, ita ce kuma a sura ta 5 ta tsawata wa masu danne ladan 'yan ƙodago.

Shawarata ga majalisun dattawa ita ce a shigar da batun mayar da hakki cikin darussan ajin baftisma, kusa da haddar ayoyi. A tambayi mai neman baftisma a keɓe ko akwai wanda ke binsa bashi ko wanda ya cuta. In akwai, dattijo ɗaya ko biyu su raka shi gidan mutumin, Kirista ne ko Musulmi, a tsara yadda zai biya ko da kaɗan-kaɗan ne bayan kaka, ba tare da an karanta sunansa a sanarwar coci ba.