Kwandon da Ke Ƙarasa Girki Ba Wuta

(Jawabi ga shugabannin zumuntar mata na karkara, a Ƙofar Kwaya, Katsina)



Da an gama girbi sai tarurruka su kankama, mu je mu kwana uku ko huɗu a fili cikin rumfunan zana da kara. Akwai kuma 'yan'uwanmu da rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu a yankin Batsari da Jibiya, har suka zauna a irin waɗannan rumfuna. Kun san iskar hunturu. Tartsatsi ɗaya ya isa ya lashe masauki, ga yara suna rarrafe kusa da murhu, ga itace ya yi tsada.

Shi ya sa na kawo wannan kwando. A shimfiɗa tsohon zane a ciki, a cika ƙasa da gefe da ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa, kaurin tafin hannu, a bar gurbi daidai tukunya. A ɗinka matashi da irin kayan, shi ne murfinsa. Kada a sa leda, narkewa za ta yi.

Za a hura wuta sau ɗaya, can nesa da rumfuna. Shinkafa ta tafasa minti 5 da murfi a rufe. A sauke, a duba gindin tukunya kada garwashi ya manne, a sa a gurbi, a danne da matashi, a kashe wutar. Bayan awa ɗaya ko ɗaya da rabi ta nuna, kuma ba ta kamu ba. Wake a jiƙa shi tun dare, ya tafasa sosai minti 20, ya yi awa 3 zuwa 4 a kwando. A rage ruwa kaɗan, don tururi ba ya fita. Ke mai son leƙa tukunya, Mama, ki yi haƙuri: kowace buɗewa zafi ne ya gudu.

Tuwo dai sai an tuƙa, ƙosai sai mai ya yi zafi. Waɗannan ba aikin kwando ba ne.

Wasu sun tambaye ni murhun hasken rana. Matan Darfur da suka yi gudun hijira zuwa sansanin Iridimi a Chadi sun yi girki da shi, kwali ne da takarda mai ƙyalli da baƙar tukunya. Yana aiki, amma a ganina hazon hunturunmu yakan rage masa ƙarfi, kwando kuwa ba ruwansa da hazo.

Abu ɗaya nake roƙo: kada abinci ya kwana a ciki. Idan kika taɓa tukunya kika ji ɗumi kawai, a sake tafasawa kafin a ba yara, domin a ɗumi ƙwayoyin cuta suke yaɗuwa.

Ga shinkafar da muka sa tun ƙarfe 10. Ku matso mu buɗe.