MAIDUGURI: GARIN SHEHU, ƘOFAR GABAS



Ya ku 'yan'uwana mazauna Ikko da Badun da Fatakwal, yau zan yi muku bayani a kan Maiduguri, domin da yawa daga cikinmu muna cin abinci da ita alhali ba mu san asalinta ba.

Maiduguri ba tsohon birni ba ne kamar Kano ko Katsina. Fadar Shehunan Barno a Kukawa take, wadda Shehu Muhammadu Al-Amin El-Kanemi ya kafa cikin 1814. Rabe ya rushe ta cikin 1893, ya zauna Dikwa, har Faransawa suka kashe shi cikin 1900. Sai cikin 1907 Shehu Garbai ya sauka Yarwa, kusa da sansanin Turawan Ingila, garuruwan biyu suka haɗe. Jirgin ƙasa ya iso cikin 1964. Garin ya zama hedkwatar Jihar Arewa Maso Gabas cikin 1967, ya sami jami'a cikin 1975, ya kuma zama babban birnin Jihar Barno cikin 1976.

Arzikin garin nan kuwa ruwa ne da hanya. Kogin Ngadda ya ratsa shi ya malala cikin fadamar Jere, inda ake noman shinkafa da kayan lambu. Wanda ya fita ta Muna ya bi hanyar Dikwa zai wuce Dusuman, ya doshi Gamboru Ngala, bakin iyakar Kamaru, har Chadi. Ta nan shanu ke shigowa, daga Baga kuma bandar kifin Tafkin Chadi. Saniyar da ake yankawa a Agege, da kifin da ake kasawa a Onitsha, sau da yawa ta Maiduguri suka biyo.

To, amma tun daga 2009 rikicin Boko Haram ya toshe hanyoyin nan, ya cika garin da 'yan gudun hijira. Cikin 2020 aka kashe manoman shinkafa na Zabarmari a gonakinsu. Kasuwar Monday ta ƙone cikin 2023. Cikin watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya ci unguwanni masu yawa. Kowace masifa daga cikin waɗannan, mu ma nan Kudu ta taɓa aljihunmu, gama in hanya ta toshe a Dikwa, kaya sai su yi tsada a hannun ɗan kasuwar Ikko.

Saboda haka ina roƙonku, kada kuɗin da muke aikawa gida ya tsaya ga biki da suna kaɗai. A taru a saya wa manomin Dusuman iri da injin ban-ruwa, a mai da yaro makaranta, a ba wanda rumfarsa ta ƙone jari. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Allah ya ba Barno zaman lafiya. Wassalam.