Koyi, Sata da Jabu: Kalmomi Biyar na Turanci Game da Kwafar Aikin Wani

Jawabin wayar da kan jama'a a garin Suleja, Jihar Neja



Maƙasudin wannan jawabi shi ne bayyana ma'anar waɗansu kalmomi biyar na Turanci waɗanda akan ji a makarantu da kotuna da gidajen rediyo. Sau da yawa akan haɗa su duka a fassara da "satar fasaha", alhali kuwa kowace da inda ta dosa. Wata halal ce, wata abin kunya ce, wata kuwa tana iya kai mutum gidan yari. Tarihin garin Suleja kaɗai ya isa ya ba da misalin kowaccensu.

Kalma ta farko ita ce "imitation", watau koyi ko kwaikwayo. Wannan ba laifi ba ne, domin da koyo akan iya. Marigayiya Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin takardar naira 20, ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya ta hanyar duban hannun magabatanta a garin Kwali. A shekarar 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane wadda Baturen Ingila Michael Cardew ya buɗe a wannan gari, lokacin da garin yake amsa sunan Abuja. A nan ta koyi aiki da na'urar juya yumɓu, amma ba ta bar zanen ƙadangare da kunama da kifi irin na Gwari ba. Duk maginin da ya dubi aikinta ya koyi salo, sa'an nan ya fitar da nasa da sunansa, bai zalunci kowa ba.

Ta biyu ita ce "forgery", watau yin jabu. Tukwanen makarantar suna ɗauke da hatimin Abuja cikin rubutun ajami, na Ladi Kwali kuma suna da haruffan LK. Idan wani ya gina tukunya yau, ya buga mata waɗannan haruffa don ta yi tsada, ya yi jabu. Ya cuci mai saye, ya kuma jingina wa marigayiya abin da hannunta bai taɓa ba. Kama da wane ba ta wane. Haka hukuncin yake ga mai ƙaga takardar shaidar makaranta ko sa hannun wani.

Ta uku ita ce "plagiarism", kuma kishiyar ta biyu ce. Mai jabu yana ɗora sunan wani a kan aikinsa, wannan kuwa yana ɗora sunansa a kan aikin wani. Asalin kalmar daga harshen Latin ne, inda take nufin mai satar mutane. Malam Hassan Sarkin Ruwa da Malam Shu'aibu Na'ibi sun rubuta tarihin Abuja da Hausa, Frank Heath ya fassara shi zuwa Turanci, aka buga a 1952 da sunayensu. Ɗalibin da ya kwashe shafi daga wannan littafi ya zuba cikin kundinsa ba tare da ambaton masu shi ba, ya faɗa cikin wannan laifi, ko da ya sauya waɗansu kalmomi, ko ya juya shafin zuwa wani harshe. Jami'a tana iya soke aikinsa. Maganin abin kuwa mai sauƙi ne: a faɗi inda aka samo. Malaman hadisi sun riga kowa a nan, domin ba su kawo magana sai da isnadinta.

Ta huɗu ita ce "piracy", wadda asalinta fashin teku ne. Mai wannan sana'a ba ya ɓoye sunan marubuci ko mawaƙi, hasali ma sunan ne ke sayar masa da kaya. Abin da yake yi shi ne buga littafi ko faifai ko fim ba da izini ba, ko yaɗa shi ta intanet, ya kwashe ribar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Marubuta da masu shirya fina-finan Hausa a Kano sun daɗe suna kuka da wannan ɓarna.

Ta biyar ita ce "copyright", watau haƙƙin mallaka, wanda shi ne katangar da doka ta gina wa mai fasaha. Ingila ta kafa dokarsa tun 1710. A Nijeriya an yi Doka mai lamba 61 ta 1970, da mai lamba 47 ta 1988, sa'an nan sabuwar dokar 2022 wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ita ke kula da zartar da ita. Haƙƙin littafi ko waƙa ko zane yana nan muddin ran mai shi, da kuma shekara 70 bayan ƙarshen shekarar rasuwarsa. Ba sai an yi rajista ba kafin haƙƙin ya tabbata. Fassara ma sai da izinin mai littafi. Amma doka ta yarda a ɗauko ɗan kaɗan don nazari ko sharhi, idan an ambaci mai shi.

Saboda haka, kafin mutum ya taɓa aikin wani, sai ya yi wa kansa tambayoyi uku. Sunan wa ke kan aikin? An nemi izinin mai shi? Kuɗin aljihun wa za su shiga? Ana roƙon malamai su koya wa ɗalibai ambaton tushen magana tun daga firamare, masu saye kuma su guji kayan sata komai araharsu.

Allah Ya ba da ikon kiyaye haƙƙin juna, amin.