Jawabi a Bikin Yaye Ɗaliban Makarantar Tauhidi



Waiwaye adon tafiya ne. Ku ’ya’yanmu da ake yayewa yau, kafin ku karɓi takardunku, bari mu tuna da magabata uku, dukansu ’yan Afirka, waɗanda suka haɗa zurfin ilimi da kiwon garken Allah a kwanakin wahala.

Na farko shi ne Sifiriyan, bishop na Kartaj, kusa da birnin Tunis na yau. Da annoba ta ɓarke a zamaninsa, mutane suka riƙa gudu suna barin marasa lafiyarsu. Shi kuwa ya tara masu bi, ya gargaɗe su su yi jinyar kowa da kowa, har da masu tsananta musu. A shekarar 258 aka fille masa kai saboda bangaskiyarsa.

Na biyu Atanasiyus ne na Iskandariya, a Masar. Ya tsaya a kan abin da Majalisar Nikiya ta tabbatar a 325, cewa Ɗan da Uban ɗaya suke a allahntaka. Sau biyar sarakunan Rum suna raba shi da kujerarsa, bai sauya baki ba. Wasiƙarsa ta 367 ta jera littattafai 27 na Sabon Alkawari waɗanda suke a hannunku.

Na uku shi ne Agustin na Hippo, wato Annaba ta Aljeriya. Da aka washe birnin Rum a 410, aka ɗora wa Kiristoci laifin. Ya mayar da martani da alƙalami, ya rubuta “Birnin Allah”, yana nuna cewa dauloli na faɗuwa, mulkin Allah kuwa ba ya gushewa. Ya rasu a 430 a tsakiyar jama’arsa, maƙiya na kewaye da garin.

’Ya’yana, ikilisiyoyin da za a tura ku suna fama da tsoro, da talauci, da masu wa’azin da suka mai da bishara kasuwa. Kada ku rufe littafi don an yaye ku. Ku tausaya wa maƙwabcinku ko da addininku ya bambanta da nasa. Ku faɗi gaskiya ko a gaban masu mulki, kuma kada ku bar garke a ranar tashin hankali.

Allah ya riƙe ku, ya albarkaci hidimarku.