Kwaɗayin Sarauta da Rushewar Jarumi a Wasan Makbet

Wasan kwaikwayon Makbet, wanda William Shakespeare ya rubuta wajen 1606, bayan gajeriyar fitowar wasu mayu uku, da yabon jarumi ya fara. Makbet kwamanda ne a rundunar Sarki Dunkan na Sikotland. Ya murƙushe 'yan tawaye, ya fatattaki mayaƙan Norway, sarki ya ƙara masa sarautar Kawdo a kan ta Gilamis da ya gada. Da gangan marubucin ya fara da haka, domin tun zamanin Aristotle an gane cewa faɗuwar mugu ba ta jawo tausayi. Ta mai daraja, wanda rauninsa ya kayar, ita ke girgiza 'yan kallo.

An saba ɗora laifi a kan mayu ukun da suka yi masa albishir da gadon sarauta, ko a kan matarsa da ta zuga shi. Wannan karatu bai cika ba. Mayun ba su ce ya kashe kowa ba. Abokinsa Banko ma an yi masa nasa albishir, cewa zuriyarsa za ta yi mulki, amma bai zare takobi ba. Tunanin kisa daga zuciyar Makbet ya ɓullo, tun kafin ya isa gida.

A jerin kashe-kashensa ne lalacewar ta fi fitowa fili. Kafin ya kashe Dunkan sai da ya yi ta kai da kawo da zuciyarsa: sarkinsa ne, ɗan'uwansa ne, kuma baƙonsa ne da ya kwana a gidansa bisa amana. Bayan ya aikata, ya firgita har ya kasa mayar da wuƙaƙen inda aka shirya, sai matar ce ta kai. Da aka zo kan Banko, makasa ya ɗauko haya, ko matarsa bai shawarta ba. Na ukun ya fi muni: ya aika aka hallaka matar wani basarake mai suna Makdaf da 'ya'yansa, kisan da bai ƙara masa komai ba. Kwaɗayi ya riga ya rikiɗe ya zama tsoro, kowace inuwa yana ganinta a matsayin mai neman kujerarsa. Ita kuwa matar, wadda ta fara da taurin zuciya, ta koma yawo cikin barci tana wanke jinin da babu shi a hannunta. Da labarin mutuwarta ya iske shi, ko hawaye bai samu ba.

Makbet na tarihi dabam yake: a fagen yaƙi Dunkan ya mutu, Makbet kuma ya yi mulki daga 1040 zuwa 1057. A littafin tarihin Holinshed, inda Shakespeare ya ɗebo labarin, da hannun Banko a kisan sarki. Shakespeare ya wanke Banko, a zamanin Sarki James na ɗaya wanda ake danganta asalinsa da Banko, ya bar nauyin zaɓin a wuyan Makbet.

A ƙarshen wasan, Makdaf ya sare kan Makbet a fadar Dunsinan, aka naɗa Malkom ɗan Dunkan.