Tsutsa Mai Awon Taƙi da Malam-Buɗe-Littafin Dare



Duk wanda ya taɓa shuka kuɓewa ko rama a bayan gida da damina, a Babban Giji ko Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni, lalle ya ga ganye ya wayi gari duk huda, sai jijiyoyi suka rage. Galibi fara ake zargi. Amma in ka juya ganyen, sau da yawa za ka tarar da 'yar koriyar tsutsa siririya, wadda in za ta yi tafiya sai ta ɗaga tsakiyar jikinta kamar baka, sa'an nan ta miƙe, tamkar mai awon taƙi. Dalilin wannan tafiya shi ne ƙafafun tsakiyar cikinta ba su cika ba, tilas ta jawo baya ya tarar da gaba.

Uwarta wani ƙaramin malam-buɗe-littafi ne na dare, mai fukafukai ruwan ɗorawa da ɗan duhu wajen gefe. Masana suna kiransa Anomis flava, Fabricius ne kuwa ya fara bayyana shi a 1775. Yankinsa yana da faɗi ƙwarai: Afirka, Indiya, Sin, har Ostareliya da tsibiran tekun Pasifik. Abincin tsutsar kuwa kusan dangi guda ne, watau auduga, kuɓewa, rama da yakuwa. Saboda auduga ne masu binciken ƙwari, irin na Samaru, Zariya, suka san ta.

Macen takan sa ƙwai ɗai-ɗai a ƙarƙashin ganye. Cikin 'yan kwanaki su ƙyanƙyashe, tsutsar ta yi mako biyu zuwa uku tana ci, daga nan ta naɗe gefen ganye da zaren bakinta, ta kwanta ciki har ta fito da fukafukai. Zagayen duka kamar wata guda ne, saboda haka damina ɗaya kan ga zuri'a fiye da ɗaya.

Abin da ya dame ni shi ne gaggawar feshi. Ganyen rama da yakuwa miya da kwaɗo za su, 'ya'yanmu ne za su ci. Maganin da ya kashe tsutsar yakan kashe rina da gizo-gizo masu farautarta. A ɗan lambun gida, a riƙa juya ganye da sassafe, a tsince tsutsar da hannu, a cire duk ganyen da aka ga ya naɗe, a zuba wa kaji.