Dogon Hutu Ya Zo, Ina Ɗanki Yake Wuni?

Dogon hutu ya zo. Ke kina cikin gida, yaro ya karya ya fice, sai magariba. To, ina yake wuni, kuma da wa?

A birnin Boston na Amurka akwai ƙungiyar agaji mai suna Bikes Not Bombs, an kafa ta a 1984. Tsofaffin kekuna take tarawa, ta koya wa matasa faci da gyaran birki. Wanda ya kammala, keken da ya gyara ya zama nasa. Waɗanda hannunsu ya faɗa kuwa, a ɗauke su aiki ana biyansu.

Mu ma ai ba mu rasa mai gyaran keke a unguwa ba. Ki shawarci maigida ya je da kansa, ya san halin mutumin kafin ya danƙa masa yaro. Da dare ki tambayi ɗanki, yau me ka gyara? Ɗan abin da ya samo ki jefa masa a asusu, kuɗin littafi ke nan.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya shirya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa.